Yadda kiran waya ke isa ga na'urar da ke cewa "danna ɗaya"

Idan mazaunin Roni ko Gwiwa ya kira 300 don ƙorafin an cinye masa kati, ba mutum ne ke fara ɗauka ba. Manhaja ce mai muryar da aka naɗa, wadda injiniyoyi ke kira IVR.

Kiran yakan fara sauka a ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya wuce cibiyar rarraba kira ta kamfanin. Cibiyar tana duba lambar da aka kira da lambar mai kiran, ta gwada su da jadawalin da aka tsara mata. Lambar waya cikakkiya ana neman mai ita a duk inda yake. Gajeriyar lamba kuwa ba ta da mai ita, jadawalin ne ke faɗin kwamfutar da za a miƙa wa kiran. Shi ya sa 300 ke kai mai layin MTN ga MTN, mai Glo ga Glo. Kafin Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a 2023, kowa da tasa: MTN 180, Airtel 111, Glo 121, 9mobile 200.

Da manhajar ta ɗauka, sai ta jero zaɓi. Kowane maɓalli yana da sautuka biyu da ke fita tare, tsarin da kamfanin Bell na Amurka ya fito da shi a 1963, kuma da su na'urar ke gane abin da aka danna. Nan ne tsarin ke iya zama ƙofa ko katanga. Wanda ya tsara jerin shi ke yanke ko Hausa za ta zo da wuri, da matakai nawa za a bi kafin a ji muryar ɗan'adam. Dattijuwar da ba ta jin Turanci a ƙauyen Kazaure takan katse tun ba a iso harshenta ba.

Lambar gaggawa 112 dabam take. Ana tura ta cibiyoyin da NCC ta gina a jihohi, inda ma'aikaci ke haɗa mai kira da 'yan sanda, 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra. Wanda kamfani ya ƙi sauraron kokensa kuma yana da 622, layin hukumar na kyauta.

Duk wannan ya dogara ga matakin farko. A ƙauyukan Babura da ke bakin iyaka, waya na iya kama sabis ɗin Nijar, kuma a lokacin jadawalin wani kamfani ne ke karanta lambar. A Satumban 2021, da aka rufe sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, layin neman agaji ma ya mutu tare da sauran.