DAGA KANANZIR ZUWA GOOGLE: TARIHIN MASU YIN BABAKERE A KASUWA

Tun da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, nake ganin wata magana tana yawo a nan. Wai Facebook da WhatsApp kyauta muke amfani da su, to me gwamnati take nema da su? Da labari ya fito a 2025 cewa kamfanin ya ce zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar nan, sai hankalin masu sayar da atamfa da turare ta waya ya tashi, kuma da gaskiyarsu. Jama'a, wannan gardamar ta girmi kakanninmu, ku ba ni 'yan mintuna.

A 1870 wani ɗan kasuwa a Amurka, John D. Rockefeller, ya kafa kamfanin Standard Oil a birnin Cleveland. Lokacin mota ba ta zo ba, kananzir na fitila shi ne kasuwa. Mutumin ya iya aiki, ba a raina masa wannan. Amma babban makaminsa layin dogo ne. Da yake shi ne mai kaya mafi yawa, sai kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa yi masa rangwame a ɓoye, abokan hamayyarsa kuwa su biya cikakken kuɗi. Har an taɓa ƙulla yarjejeniyar da za a riƙa ba shi kaso daga kuɗin dakon da su abokan hamayyar suka biya. A 1872, cikin 'yan watanni, ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke Cleveland. Zuwa wajen 1880, kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a Amurka yana hannunsa.

Abin da ya rikita mutane shi ne, kananzir ɗin sai ƙara araha yake yi. Masu kare shi suka ce, to wa aka cuta? Talaka na kunna fitila da sauƙi. Masu suka suka ce wanda aka cuta shi ne duk mai son shiga sana'ar, domin an tare hanya, kuma ranar da mai hanya ya ga dama ya ƙara kuɗi babu inda za a gudu.

Majalisar Amurka ta yi dokar Sherman a 1890 don hana irin wannan kane-kane, amma dokar ta jima ba ta cije shi ba. Wata 'yar jarida, Ida Tarbell, wadda harkar man mahaifinta ta sha wuya a hannun kamfanin, ita ta bi takardu ta fallasa yadda ake rangwamen, daga 1902 zuwa 1904. A watan Mayun 1911 Kotun Ƙoli ta ce a tsinka Standard Oil gida 34. Mobil da Chevron da muka sani a Najeriya daga cikin waɗannan gutsattsarin suka fito. Shekara 41 ke nan daga kafa kamfanin. Kuma Rockefeller bai talauce ba, hannayen jarinsa a sababbin kamfanonin ma ƙara daraja suka yi.

Haka aka sake yi da wayar tarho. Kamfanin AT&T ya riƙe layukan Amurka shekaru aru-aru, gwamnati ta kai shi kotu a 1974, aka raba shi a farkon 1984. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Duk wanda ya kai shekaruna ya san zamanin NITEL, lokacin da layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, samun tarho a gida sai mai hanya. GSM ta zo a 2001, amma kiran daƙiƙa goma sai a caje ka na minti guda. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi. Abin da roƙo bai kawo ba, kishiya ta kawo shi.

A ƙarshen shekarun 1970 ra'ayi ya juya a Amurka. Wani masanin shari'a, Robert Bork, ya fitar da littafi a 1978 yana cewa ma'aunin kawai shi ne jin daɗin mai saye, in farashi bai hau ba a ƙyale kamfani ya girma. Kotuna suka karɓi wannan. A 2000 wani alƙali ya ce a raba Microsoft biyu saboda danne manhajar shiga intanet ta Netscape, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001. To da ma'aunin farashi, yaya za ka kama kamfanin da bai karɓi ko sisi a hannunka ba?

Amsar ta fito a shari'ar Google. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ba bisa ƙa'ida ba. An nuna a kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga irin su Apple da Samsung, don in ka buɗe wayarka shi za ka fara tararwa. Wato abin da layin dogo ya yi wa Rockefeller, shi allon wayarka yake yi wa Google. Duk da haka, a Satumban 2025 alƙalin bai tilasta masa sayar da Chrome ba, ya dai hana shi yarjejeniyar shi-kaɗai, ya kuma ce ya buɗe wa masu hamayya wasu bayanai.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihin shi ne araha ba ta wanke kamfani. Tambayar da ta dace ita ce, wa ke riƙe da hanyar da kowa zai bi, kuma in ya rufe ta akwai wata? Zargin FCCPC a kan Meta ya shafi bayananmu ne: ana kwasa ana rarrabawa ba da cikakken izini ba, kuma zaɓin da ake ba Turawa mu ba a ba mu. Ashe kyautar ba kyauta ba ce, da bayananmu muke biya.

Ban ce hukumominmu waliyyai ba ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda tara kan zama hanyar neman kuɗin shiga maimakon gyara. Dole mu sa ido a kan mai alƙalancin kamar yadda muke sa wa kamfanin. Amma ƙasar da kamfani ɗaya zai ce zai tafi, dubban masu sana'a su kasa barci, ta riga ta nuna inda ciwon yake. Kuma wannan ma'aunin bai tsaya kan baƙi ba, ya shafi siminti da mai da taki a gida, ko da mai kamfanin namu ne muna alfahari da shi.

Shawarata ga 'yan uwa masu kasuwanci a nan: ku rubuta lambobin kwastomominku a wani wuri daban, kada duk arzikinku ya rataya a shafi ɗaya da ba naku ba. Wanda yake da wata fahimtar ya kawo, a tattauna cikin mutunci. Allah Ya sa mu dace.