Kare kwiɓin runduna: abin da wasannin yaƙi suke koyarwa da abin da suke ɓoyewa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba dabarun da dakaru, wato mayaƙan ƙasa, suke yi domin kare gefen sahunsu idan abokan gaba sun nemi zagayo su, da kuma yadda wasannin dabarun yaƙi suka ɗauko waɗannan dabaru daga tarihi. Mun zaɓi kalmar "kwiɓi" domin gefen sahu, ganin cewa nan ne wurin rauni, kamar yadda yake a jikin mutum. Tambayarmu ita ce: shin malamin tarihi zai iya dogara da irin waɗannan wasanni wajen fahimtar da ɗalibai abin da ya faru a fagen fama?

2. Dalilin raunin kwiɓi

A ƙarni na 18 da na 19 dakarun Turai suna tsayawa ne sahu biyu ko uku, kafaɗa da kafaɗa, bindigoginsu na fuskantar gaba. Bataliya mai mutum ɗari biyar tana iya zuba wuta gaba ɗaya a kan wanda ya tunkaro ta. Amma idan aka ɓullo mata ta gefe, mutum biyu ko uku da ke ƙarshen sahu ne kawai ke iya mayar da martani, alhali harsashen abokan gaba na bin tsawon sahun. Saboda haka shugabannin yaƙi suka dogara da hanyoyi uku: jingina kwiɓi da kogi, tudu ko gari, lanƙwasa ƙarshen sahu zuwa baya ya yi kusurwa, abin da Faransawa ke kira en potence, da ajiye wasu dakaru a baya domin tarbar masu zagayowa.

3. Misalai uku

A Farsalus, shekara ta 48 kafin Miladiyya, Yuliyas Kaisar ya yi amfani da hanya ta farko da ta uku a lokaci guda. Hagunsa ya jingina da kogin Enipeus. A damansa kuwa Pompe ya tara barade 7,000, shi yana da 1,000, bisa ƙidayar da Kaisar ya bayar da kansa. Sai ya zare ƙungiyoyi shida daga sahunsa na uku ya kafa sahu na huɗu a bayan baradensa. Da dawakin Pompe suka kutso, wannan sahu ya tarbe su da masu, suka watse, sannan shi ne ya zagayo hagun Pompe. Ya kamata mu tuna cewa babban mai ba da labarin nan shi ne wanda ya ci yaƙin.

Leuthen, 5 ga Disamba 1757, misali ne na karewar da ta gaza. Firedarik na Biyu na Furusiya, da mayaƙa kimanin 36,000, ya fuskanci rundunar Ostiriya mai kimanin 65,000. Ya yi kamar zai afka wa damansu, har suka tura dakarun ajiya can, shi kuwa ya bi ta bayan ƴan tuddai ya faɗa wa hagunsu. Ƴan Ostiriya sun gane abin da ya dace a yi: juya sahu a kafa sabuwar fuska a ƙauyen Leuthen. Lokaci ne ya ƙure musu. Dakarun da aka janyo daga nesa sun iso a gajiye, suka cunkushe a wuri ɗaya, mafi yawansu ba su sami sararin harbi ba.

Misali na uku shi ne tudun Little Round Top a yaƙin Gettysburg, Amurka, ranar 2 ga Yuli 1863. Ƙungiya ta 20 ta jihar Maine, mutum ƙasa da 400 a ƙarƙashin Kanal Joshua Chamberlain, ita ce ƙarshen hagun rundunar Arewa. Da mayaƙan Alabama na Kanal William Oates suka nemi zagayowa, Chamberlain ya shimfiɗa mutanensa ya lanƙwasa ɓangaren hagu baya. Da harsashe ya kusa ƙarewa, suka gangaro da wuƙaƙen bindiga suka kori masu hawowa. Wannan lanƙwasa tana da tsada: sahu ya yi siriri, kusurwar kuma tana shan wuta daga fuska biyu.

4. Daga fagen fama zuwa tebur

A 1824 wani hafsan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa Janar von Müffling wasan Kriegsspiel, wanda ya gyara daga na mahaifinsa na 1812. Ana yin sa a kan taswira mai ma'aunin 1:8,000, da ƴan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi masu wakiltar ƙungiyoyi, kowane zagaye kuma daidai yake da minti biyu na yaƙi. Abu mafi muhimmanci shi ne alƙalin wasa. Ɗan wasa yana rubuta umarni ya miƙa masa, shi ne ke lissafa lokacin da saƙo zai isa, kuma ba ya nuna wa ɗan wasa sai abin da mutanensa ke iya hange. Ke nan mai wasan yana iya faɗawa irin ramin da ƴan Ostiriya suka faɗa a Leuthen.

Wasannin kasuwa sun bi wata hanya. Gettysburg na Charles Roberts, wanda kamfanin Avalon Hill ya fitar a 1958, ya shimfiɗa dukan rundunoni a gaban ƴan wasa biyu, ba alƙali a tsakani. Wasannin kwamfuta, kamar Sid Meier's Gettysburg! na 1997 da Rome: Total War na 2004, sun ƙara wani abu mai amfani: ƙungiyar da aka buga ta kwiɓi tana karaya tun kafin asarar rayukanta ta yi yawa, wanda hakan ya dace da abin da shaidu suka ruwaito. Sai dai ɗan wasa yana kallon fage daga sama kamar shaho, umarninsa kuma na isa nan take.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa waɗannan wasanni sun ƙware wajen nuna siffar dabara: inda kusurwa take, inda wuta ke faɗawa, da dalilin ajiye dakaru a baya. Inda suka fi rauni shi ne wajen lokaci da labari, alhali a Leuthen waɗannan biyu ne suka yanke hukunci. Akwai kuma haɗari na biyu. Wasa yakan ɗauki ruwaya ɗaya ya mayar da ita doka. Shaharar Little Round Top ta ƙaru ne bayan littafin The Killer Angels na 1974 da fim ɗin Gettysburg na 1993, duk da cewa Ellis Spear, wanda ya jagoranci ɓangaren hagu a ranar, ya saɓa wa Chamberlain a kan yadda gangarowar ta faru.

Shawararmu ga malamai ita ce, in za a kawo wasa cikin aji, a kawo shi irin na Reisswitz: ɗalibai a ɗakuna biyu, malami ya zama alƙali, saƙonni a rubuce kuma da jinkiri. Bayan wasa a ɗora sakamakon kusa da ruwayoyin shaidu, a nemi ɗalibai su faɗi wace ruwaya dokokin wasan suka gaskata, da wadda suka yi watsi da ita.