Gudumar Baduku: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Ajame

Gabatarwa

Idan ana nazarin dukanci a matsayin sana'ar gargajiya, hankalin ɗalibi ya fi karkata ga abin da baduku ya ƙera: takalmi, jaka, kube, laya, titimi da kayan doki. Ba safai ake tsayawa kan kayan aikinsa ba, balle gudumar itace, wadda ita ce mafi arha a cikinsu. Amma wannan guduma tana da bayani game da yadda sana'ar ta yi tafiya daga ƙasar Hausa zuwa biranen bakin teku irin su Abijan ta ƙasar Kodebuwa.

Matsayin fata a tarihin ƙasar Hausa

Sana'ar fata ta kasu gida biyu. Majemi shi ke jiƙa fata da toka, ya kankare gashi, ya jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. Daga nan sai ta koma hannun baduku, wanda ke rina ta, ya yanka, ya ɗinka. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko.

Tun a ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, ya ce ana kai hajarsu Tumbutu da Gawo. A 1851 Heinrich Barth ya ziyarci Kano, ya ƙiyasta cewa takalman da ake fitarwa daga birnin sun kai na wuri miliyan 10 a shekara, jemammiyar fata kuma ta kusan miliyan 5, wadda ake kaiwa har Tarabulus. Fatar jar akuya ta ƙasashen Sakkwato da Maraɗi tana daga cikin wadda ke ƙetare Sahara, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, har aka riƙa kiranta fatar Maroko. Cibiyar wannan ciniki a Kano ita ce Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499).

Dalilin amfani da itace

Baduku yana da wuƙa, da basilla, da almakashi, da madoshi na huda rami ko buga zane. Waɗannan aikin maƙeri ne, sayensu ake yi. Guduma kuwa aikinta uku: buga kan madoshi, kwantar da ɗinki ko gefen fata bayan an naɗe, da danne fata biyu da aka haɗa da manni.

Hikimar zaɓen itace a bayyane take. Ƙarfe idan ya yi ta dukan ƙarfe, kan madoshi yakan baje ya tsage, kuma madoshi ya fi guduma tsada da wuyar samu. Itace shi ke cinyewa a madadinsa. Haka kuma bakin hamar ƙarfe yana barin tabo a fuskar fata, musamman mai danshi, ga shi kuma ƙarfe idan ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa yakan baƙanta ta. Wannan haɗuwar ce ma tushen kuloko, domin daga ƙarfe ake haɗa shi. Abin da baduku ke nema a wurin rini, shi yake gudu a wurin bugu.

Yadda ake ƙera ta

Hanya mafi sauƙi ita ce a sami guntun itace busasshe mai tauri. Sai a bar kashi ɗaya da kaurinsa ya zama kai, a sassaƙe sauran da gizago har ya dace da riƙon hannu, a goge kaushin. Irin wannan ba ta da mahaɗa, saboda haka kanta ba ya ficewa. Hanya ta biyu ita ce a huda guntun itace a tsakiya a sa masa ƙota, kamar yadda ake yi wa hamar kafinta. Ɗanyen itace ba ya yi, domin yana tsagewa idan ya bushe. A ƙasar Hausa ƙirya ta yi suna wajen tauri, shi ya sa masassaƙa ke yin turmi da taɓarya da ita. Marke da aduwa ma suna da ƙarfi. Siffar gudumar ba baƙuwa ba ce a garuruwan marina, inda masu bugu ke ƙyalla rinannen yadi da sandunan itace masu nauyi.

Hanyar zuwa Abijan

Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa yankin da ake kira Kodebuwa a yau. Fatake sukan ɗauki tufafi, kanwa da kayan fata zuwa Gwanja, wasunsu su zarce Bonduku, inda Hausawa suka yi unguwa tun kafin zuwan Faransawa. Mulkin mallaka ya karkatar da akalar ciniki zuwa teku. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan, ya isa Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Ko da yake sunan layin Abijan zuwa Neja, bai taɓa isa Nijar ba. Abijan ta zama hedikwatar mulki a 1934, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwanta a 1951 bayan haƙa mashigin Vridi.

Tsarin birnin ya ware Filato domin Turawa da ofisoshi, 'yan Afirka kuma suka zauna a Treichville ta kudu da Ajame ta arewa. A waɗannan unguwanni biyu 'yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya suka riƙa sauka. A Treichville ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa na 1958 kan rayuwar samarin Nijar masu neman aiki. Ajame kuwa ta zama matattarar manyan kasuwanni da tashoshin mota, kuma sashenta na Saint-Michel ya samo sunansa daga cocin Katolika da ke wurin.

A nan ne darajar gudumar itace ke fitowa. Baduku mai tafiya ci-rani ba ya buƙatar jari mai yawa. Wuƙa da basilla da madoshi duk suna shiga jaka ɗaya. Guduma ba sai an ɗauko ta ba, tun da ana iya sassaƙa wata a inda aka sauka. Ƙirya itaciyar ƙasar sarari ce, Abijan kuwa tana yankin kurmi, inda ake da katako mai ƙarfi irin iroko. Itacen na iya canzawa, siffa da aiki ba su canzawa. Saboda haka sana'ar ta iya ƙaura cikin sauƙin da rini, mai buƙatar karofi, bai samu ba.

Kammalawa

A yau dukanci yana fuskantar matsi daga takalman roba da na gwanjo, da fitar da fata mai kyau zuwa masana'antun waje, da kuma cin ganda, wanda ke rage fatar shanu da ke isa hannun majema. Idan sana'a ta raunana, kalmominta ne ke fara gushewa, musamman a gari irin Abijan inda yaron Bahaushe ke tashi da Faransanci da Julanci a bakinsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana ɗimbin kalmomin sana'o'i, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙe kayan aiki. Ɗalibin da ke da baduku a kusa, ya kyautu ya zauna da shi, ya tambayi sunan kowane abu da ke kan tabarmarsa, da itacen da aka yi gudumarsa da shi, da wanda ya sassaƙa ta, ya rubuta amsar da karin harshen mai ita.