Ƴan matan da ke lasar buroshi, da wa'adin da ya ƙare kafin ciwo ya fito

A Amurka, idan wani ya ji maka rauni, doka na ba ka wa'adi ka kai ƙara. Wa'adin na wucewa, shi ke nan, ko gaskiyarka ta kai hasken rana alƙali ba zai saurare ka ba. Kuma ba gwamnatin Washington ke tsayar da shi ba, kowace jaha da nata. Sun gaji abin ne daga Ingila, daga wata doka ta 1623 zamanin Sarki James na ɗaya. Hujjar ba ta banza ba ce: shaidu na mutuwa, mutane na mantuwa, bai kamata a riƙe mutum da barazanar ƙara har abada ba. Amma daga wace rana za a fara ƙidaya? Nan ake yinta.

A 1917, a garin Orange na jahar New Jersey, kamfanin da daga baya ya zama United States Radium Corporation ya ɗauki ƴan mata aikin shafa wa lambobin agogo wani fenti mai haske cikin duhu, har da agogunan soja, don lokacin ana yaƙin duniya na farko. Abin da ke sa fentin haske shi ne sinadarin radiyom, wanda Marie Curie da mijinta suka gano a 1898. An koya wa ƴan matan su riƙa sa bakin buroshi tsakanin leɓɓansu don ya yi tsini, su tsoma a fenti, su shafa, su sake lasa. Haka wuni guda. An ce musu ba ya cutarwa.

To shi radiyom jiki na ɗaukarsa kamar abincin ƙashi ne. Sai ya shige ya zauna, yana ci a hankali. Mu da ke da Arlit a ƙasarmu, ba sai an yi mana dogon bayani kan ma'adinin da illarsa ba ta fitowa ranar da aka taɓa shi ba. Sai bayan shekaru haƙora suka fara zuba, muƙamuƙi na ruɓewa. Mollie Maggia ta rasu a 1922 tana da shekara 24, aka rubuta wai ciwon sanyi ne ya kashe ta. Ku dubi wannan ƙazafi a kan gawa! Sai a 1925 wani likita, Harrison Martland, ya tabbatar da cewa radiyom ne.

Grace Fryer ta bar aikin tun 1920 ta koma banki. Wa'adin ƙarar rauni a New Jersey shekara 2 ne. Kun ga ke nan, idan daga ranar barin aiki za a ƙidaya, haƙƙinta ya mutu a 1922, tun kafin ta san abin da ke damunta. Ta yi kusan shekara biyu tana neman lauyan da zai karɓi shari'ar. A 1927 wani matashin lauya, Raymond Berry, ya karɓa, wasu mata huɗu suka bi sahunta, biyu cikinsu ƴan uwan Mollie ne ciki ɗaya. Hujjarsa ita ce kamfanin ya san haɗarin ya ɓoye, don haka bai kamata ya fake da wa'adin da shi ya sa ya wuce ba.

Kamfanin ya yi ta jan ƙafa, har aka ɗaga zama zuwa watan Satumba na 1928 saboda wai shaidunsa za su tafi hutu Turai, alhali matan wasunsu ko hannu ba sa iya ɗagawa su yi rantsuwa. Jaridu suka yi caa. A watan Yuni aka sasanta a wajen kotu: kowace mace dala 10,000, da dala 600 duk shekara, da kuɗin magani. (Dalar Amurka fa, ba tamu ta biyar-biyar ba.) Quinta McDonald ta rasu a 1929, Grace a 1933.

Mutane na ba da labarin nan kamar nasara. Ni a ganina rabin nasara ce, domin sasanci ba hukunci ba ne, dokar na nan yadda take. Shaida kuwa, a 1935 mijin Irene La Porte, wata ma'aikaciyar kamfanin da ta rasu, ya sha kaye a kotu kan maganar wa'adin nan dai.

Sauyi ya zo a 1949 ta hannun wani mai zuba wa jirgin ƙasa gawayi, Tom Urie, wanda ya yi shekara 30 yana shaƙar ƙurar yashi har huhunsa ya lalace. Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a ƙidaya wa mutum wa'adi kan ciwon da ba yadda za a yi ya san da shi, sai daga lokacin da ya bayyana. Amma wannan hukunci kan dokar tarayya ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Jahohi kowace ta bi a lokacin da ta ga dama. New York sai 1986 ta sa shi a dokarta game da abubuwa masu guba.

Har gobe kuma ana ja. Tennessee shekara 1, Maine shekara 6. Florida ta rage nata daga 4 zuwa 2 a 2023, Louisiana kuwa, wadda dokokinta ke da tushen Faransa kamar namu, ta ƙara daga 1 zuwa 2 a 2024. Ƴan uwanmu da ke Greensboro a North Carolina suna da shekara 3, haka na Bronx da Harlem. Sai dai a New York, in motar hukumar birni ce ta buge ka, kwana 90 kacal gare ka ka kai musu takardar sanarwa.