Matse hoto marar asara: yadda ake rage nauyinsa ba tare da taɓa gaskiyarsa ba

Matse hoto marar asara hanya ce ta rage nauyin fayil ta yadda idan aka buɗe shi, kowane ɗigo zai dawo yadda yake tun asali. Kishiyarsa ita ce matsewa mai asara, irin ta JPEG, wadda ke zubar da bayanan da ake ganin ido ba zai lura da rashinsu ba.

Ga masu gina shafukan labarai, zaɓi tsakanin biyun ya shafi aljihun mai karatu da kuma amincin hujja. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane hoto mai nauyi ƙarin caji ne a kan mai waya.

Yadda yake aiki

Sirrin yana cikin maimaici. A hoton takardar kasafin kuɗi, dubban ɗigogi farare ne a jere. Maimakon a adana su ɗaya bayan ɗaya, sai a rubuta umarni gajere da ke nuna inda aka taɓa ganin irinsu da kuma yawansu. Tsarin PNG, wanda aka amince da shi a 1996 bayan taƙaddamar haƙƙin mallaka a kan GIF, yana amfani da dabarar DEFLATE. Ita kuma ta haɗa hanyar Abraham Lempel da Jacob Ziv ta 1977 da lissafin David Huffman na 1952, wanda ke bai wa abin da ya fi yawan fitowa lamba mafi gajarta.

Shi ya sa hanyar ta fi dacewa da takardu, taswira, jadawali da hoton fuskar waya. A hoton taron siyasa mai launuka barkatai, ragin ba ya da yawa.

Manyan manhajoji

OptiPNG da oxipng suna gwada hanyoyin matsewa daban-daban a kan fayil ɗin PNG, su zaɓi mafi ƙanƙanta. Zopfli, wanda Google ya fitar a 2013, ya fi matsewa amma yana cin lokaci sosai. Ga hotunan JPEG akwai jpegtran, wanda ke sake tsara bayanan fayil ba tare da ƙara wata asara ba, sai dai ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Tsarin WebP yana da nau'in marar asara, wanda Google ya ce ya fi PNG sauƙi da kashi 26 cikin 100.

A kula: TinyPNG da pngquant, duk da farin jininsu, masu asara ne, domin suna rage launukan hoto zuwa 256 ko ƙasa da haka.

Darasin Xerox

A 2013, wani masanin kwamfuta ɗan Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin ɗaukar hoton takardu na kamfanin Xerox suna sauya lambobi, har 6 ta koma 8. Dalili shi ne matsewa mai asara ta JBIG2, wadda ke ɗaukar alamomi masu kama da juna a matsayin abu guda. Takardar tana fitowa tsaf, amma lissafinta ƙarya ne. Duk mai wallafa takardar kwangila ko ta sakamakon zaɓe ya san abin da lamba ɗaya ke iya jawowa.

Bayanan da ke ɓoye

Waya kan liƙa wa hoto bayanan EXIF: lokaci, samfurin na'ura, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. Ta irin wannan ne aka gano cewa John McAfee yana Gwatamala a 2012, bayan mujallar Vice ta wallafa hotonsa. Yawancin manhajojin matsewa na iya goge waɗannan bayanai, amma wasu sai an umarce su. Rashin yin hakan na iya tona asirin majiya.

Tsarin da ya dace

Ana ajiye hoton asali a wuri na daban ba tare da an taɓa shi ba, domin ko matsewa marar asara tana sauya lambar tantance fayil, irin ta SHA-256, wadda ake kafa hujja da ita. A kan kwafi ake aiki: a daidaita faɗinsa da na shafi matuƙar rubutun zai karantu, a goge bayanan ɓoye, sannan a matse. Masu gina shafi kan saka waɗannan matakai cikin tsarin ɗora hotuna, su riƙa gudana da kansu, don kada gaggawar fitar da labari ta sa a tsallake ɗaya.