Taga, Gilashi da Rana: Tarihin Kare Kayan Ɗaki daga Koɗewa

Ledar gilashi, wato siririn fallen roba da ake liƙa wa gilashin taga ta ciki domin ya tace hasken rana, kimanin shekara sittin ke nan da fitowarta kasuwa, amma damuwar da ake neman maganinta da ita ta girme ta da ƙarnoni masu yawa. Tun da mutum ya iya rina zane da shafa wa bango launi ya lura cewa rana tana cin abin da ya ƙawata, ja ya dusashe, takarda ta yi ruwan ɗorawa, alharini ya rube ko da ba a taɓa shi ba. Tarihin wannan leda yana tafiya ne tare da tarihin ita kanta tagar, domin duk lokacin da magina suka samu hanyar faɗaɗa gilashi, sai masu gida su shiga neman abin da za su rage hasken da shi.

Daga cikin tsofaffin bayanai a kan wannan ɓarna akwai na Vitruvius, masanin gine-gine na Rum wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya shafe bangon farfajiyar gidansa da wani jan launi mai tsada da ake samu daga ma'adinin zaiba, amma bayan kwana talatin launin ya yi duhu ya munana, har ya zama dole a sake shafe bangon da wasu launuka. Maganin da Vitruvius ya bayar shi ne a narka kakin zuma da ɗan mai a shafe saman launin, sannan ya ba da shawarar cewa ɗakunan ajiye zane-zane su fuskanci arewa, inda haske ba ya sauyawa da tafiyar rana. Waɗannan dabaru biyu, shamaki a kan abin da ake karewa da kuma kauce wa idon rana tun daga tsarin gini, su ne aka ci gaba da jujjuyawa har yau.

A ƙasashen zafi dabara ta biyu ce ta yi rinjaye. Gidajen tsohon birnin Alƙahira sun shahara da mashrabiyya, wani saƙaƙƙen katako da ke rufe taga yana barin iska ta shiga yana kakkarya haske. Maginin gargajiya na ƙasar Hausa kuwa ya yi wa soro katanga mai kauri, taga kuma 'yar ƙarama ce a can sama, ƙofa tana da asabari, don haka rana ba ta samun inda za ta sauka a kan jeren uwargida. Manyan riguna suna ninke a adaka, littattafan malamai suna cikin gafaka, kuma wannan duhun da baƙo zai iya ɗauka a matsayin ƙarancin ci gaba shi ne ya tsare launin kayan.

A Turai al'amarin ya bi wata hanya, saboda ƙasa mai sanyi da gajimare haske take nema. A ƙarshen ƙarni na 17 Faransawa suka ƙware wajen zuba narkakken gilashi a kan teburin ƙarfe su murje shi ya zama babban falle, manyan gidaje suka fara buɗe dogayen tagogi, rana kuma ta fara sauka a kan darduma, labule da kujerun alharini. Aikin kare waɗannan kaya ya faɗa wuyan barori. Wata uwargida a yankin Kent na Ingila, Susanna Whatman, ta fara rubuta wa masu aikinta littafin ƙa'idojin gida a 1776, a ciki ta bi ɗakuna tana bayyana lokacin da rana take isa gare su da tagar da za a sauke wa labule. A irin waɗannan gidaje ana ɗinka wa kujeru riguna na yadi mai araha, ba a cire su sai ranar manyan baƙi, al'adar da duk wanda ya san falon da aka lulluɓe kujerunsa da zane zai gane hikimarta.

Haraji ma ya taka rawa. Daga 1696 gwamnatin Ingila tana karɓar haraji bisa yawan tagogin gida, har wasu suka toshe tagoginsu da bulo, kuma ba a soke shi ba sai 1851, shekara shida bayan soke harajin gilashi. A wannan shekara ta 1851 Joseph Paxton ya gina katafaren zauren baje koli na ƙarfe da gilashi a Landan, kuma abin lura shi ne sai da aka shimfiɗa yadi a kan rufinsa domin rage zafi da ƙyalli, alamar cewa gilashi da labule tare suke girma.

Sanin abin da ke cikin hasken ya zo ne a farkon ƙarni na 19. A 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ɗora ma'aunin zafi a bayan ja, wurin da ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau, ta haka aka gano hasken bayan ja, wanda jiki ke ji a matsayin zafi. Bayan shekara ɗaya Johann Wilhelm Ritter na Jamus ya gwada ɗaya gefen da wani gishirin azurfa mai yin baƙi idan haske ya taɓa shi, ya ga ya fi saurin baƙi a bayan shunayya, inda nan ma ido ba ya ganin komai. Wannan shi ne hasken bayan shunayya, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan UV. Ɗan kaɗan ne a cikin ƙarfin ranar da ke isowa ƙasa, bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, amma yana da kaifin da ke tsinka ƙullin da ke riƙe ƙwayoyin rini da zaren yadi. Gilashin taga na yau da kullum yana tare ɓangarensa mai ƙona fata, ya bar kaso mai yawa na sauran ya wuce.

Ilimi bai hana asara nan take ba. Takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776, wadda aka rubuta da tawada a kan fata, an rataye ta a wani ginin gwamnati a Washington daura da taga daga 1841 zuwa 1876, shekara 35, kuma masana suna lissafa wannan zama cikin dalilan da suka sa rubutunta ya dusashe har wasu sa hannun ba sa karantuwa. A 1856 kuma William Perkin ya haɗa rinin shunayya daga kwaltar gawayi, masana'antu suka cika duniya da sababbin launuka masu ɗaukar ido, da yawansu ba sa jure rana. Zanen ɗakin kwana da Vincent van Gogh ya yi a 1888 shaida ne, domin bangon da ake gani shuɗi a yau asalinsa ruwan shunayya ne, jan da ke cikin haɗin ya koɗe ya bar shuɗin shi kaɗai.

A shekarar 1888 ɗin dai wasu masana biyu, William Russell da William Abney, suka miƙa wa hukuma a Landan rahoto a kan illar haske ga zanen fentin ruwa, bayan gardama ta yi zafi a jaridu game da zane-zanen da ake nunawa a gidan tarihi. Sun gano cewa gefen shuɗi da shunayya na haske ya fi ɓarna, cewa laima da iska suna taimaka wa koɗewa, sannan ɓarnar tana bin jimillar ƙarfin haske da tsawon lokaci. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin haske na shekara goma yana iya yin abin da babban haske zai yi a shekara ɗaya, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Daga baya masu sana'ar yadi suka fito da ma'auni na ƙyallen ulu takwas masu rinin shuɗi, kowanne ya fi na gabansa juriya kamar ninki biyu, ana shanya su tare da kayan da ake gwadawa a ga a lamba ta nawa suka koɗe.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a tsakiyar ƙarni na 20 suka haifar da ledar. Na farko shi ne arahar gilashi, bayan kamfanin Pilkington na Ingila ya sanar a 1959 da dabarar kwarara narkakken gilashi a kan narkakken kuza, inda yake shimfiɗuwa sumul ba sai an goge ba, abin da ya sauƙaƙa gina benayen ofis masu bangon gilashi da ke zama kamar tanda da rana. Na biyu shi ne robar foliyesta, wadda John Whinfield da James Dickson suka haɗa a Ingila a 1941, kamfanin DuPont kuma ya mayar da ita falle mai ƙarfi da ake gani ta cikinsa mai suna Mylar a shekarun 1950. An koyi turara wa wannan falle tururin alminiyam a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska har ya zama kamar madubi, kuma da irinsa aka yi tauraron ɗan'adam na Echo 1, balan-balan mai faɗin mita 30 da Amurka ta harba a 1960. A 1966 kamfanin 3M ya samu takardar mallakar fasaha ta ledar rage rana, sannan tsadar makamashi da ta biyo bayan rikicin man fetur na 1973 ta buɗe mata kasuwa. Ya kamata a lura cewa zafi da kuɗin lantarki ne suka fara sayar da ita, kare launi ya biyo baya.

Ledar ba ta cika wuce kaurin silin gashi ba, amma hawa-hawa ce: akwai gam, akwai falle ɗaya ko biyu na foliyesta, akwai shafi mai tauri da ke hana ƙarzuwa, sannan a cikin gam ko robar ana zuba sinadaran da ke shanye hasken UV su mai da shi ɗan ɗumi. Mai liƙawa yana kankare gilashin da reza har ya tabbata babu ko ƙwayar ƙura, ya fesa ruwan sabulu, ya ɓare takardar bayan ledar ya ɗora ta tana santsi, sannan ya bi ta da robar matsa ruwa daga tsakiya zuwa gefe, ya yanke bakin ya bar 'yar tazara kusa da firam. Ɗan hazon da ke saura yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya bushe. Ledojin farko ko dai masu ƙyallin madubi ne ko masu rini, kuma masu rinin su ma rana tana cinsu, shi ya sa ake ganin tsofaffin motoci da gilashi ruwan shunayya mai ƙuraje, ruwan ɗorawar da ke cikin haɗin ya riga sauran koɗewa. Daga baya aka samu dabarar fesa wasu ƙarafa da ƙwayoyin tangaran, har aka kai ga ledar da ido ba ya ganinta a jikin taga alhali tana tare kusan kashi 99 cikin ɗari na hasken UV.

Gidajen tarihi ne suka fi kowa auna iyakarta. Garry Thomson, mai ba da shawarar kimiyya a babban gidan zane-zane na Landan, ya tattara ƙa'idojin wannan fanni a littafinsa na 1978, inda aka tsayar da cewa kaya masu rauni kamar yadi, takarda da fentin ruwa kada haskensu ya wuce lukus 50, lukus kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu. Ranar tsaka tana kaiwa lukus 100,000, wato ninki dubu biyu. Daga nan za a gane cewa cire UV kaɗai ba ya wadatarwa, domin hasken da ido ke gani shi ma yana cin launi, musamman rini mai rauni, kuma leda marar duhu tana barin mafi yawansa ya wuce. Masu sayarwa sukan maimaita cewa UV ke da kashi 40 na koɗewa, haske na gani 25, zafi 25, sauran 10 na laima da makamantanta, amma wannan lissafi kintace ne na talla, saboda kowane rini da irin hasken da ke cinsa, baba yana da juriyar da jan furanni ba shi da ita.

A Najeriya jama'a sun fi sanin ledar a jikin mota, inda baƙin gilashi ya zama batun tsaro tun dokar soja ta 1991 da ta hana amfani da shi sai da izini, kuma wannan ya sa mutane da yawa suna auna ingancin leda da duhunta, alhali duhu da tare UV abubuwa ne daban. Yanzu da gine-ginen Abuja, Kano da Kaduna suka rungumi faffaɗan gilashi mai zamiya a firam ɗin alminiyam, shagunan atamfa da shadda da ɗakunan karatu sun gaji matsalar da tsohon soro bai sani ba. Leda mai kyau tana jinkirta koɗewa ta ƙara wa kaya shekaru, ba ta hana shi, tana iya sa wani gilashin ya tsage idan ta tara masa zafi, kuma ita kanta tana tsufa. Shi ya sa gidajen tarihin da suka liƙa ta suke auna ta da na'ura lokaci zuwa lokaci su sauya ta idan ta gaji, kuma har yanzu suna sauke labule a lokutan da babu masu ziyara.