Cittar Kudancin Kaduna da Masu Gasa da Ita a Kasuwar Duniya

Citta ita ce babban amfanin gonar da Kudancin Kaduna ke fitarwa ƙasashen waje. Ana noma ta a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, ana kuma hada-hadarta a kasuwannin Kwoi, Kubacha, Kachia da Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Iri biyu manoma suka fi shukawa: tafin giwa mai kauri da launin ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai ɗan duhu da tsananin yaji.

A kasuwar duniya, ƙasashe uku ne mai fatauci zai sa wa ido. Indiya ta fi kowace ƙasa noman citta, sai dai mutanenta ne ke cinye mafi yawanta. Sin ce kan gaba wajen fitarwa. Tana tura ɗanyar citta manya-manya, wankakkiya, a cikin kwali. Amma yajinta da ƙamshinta ba su kai na Kaduna ba. Peru ta kama masu sayen wadda aka noma ba tare da takin zamani ba a Turai da Amurka.

Ƙarfin cittar Kaduna yana cikin yajinta da yawan man da ake tatsa daga gare ta, shi ya sa masu haɗa kayan yaji da abin sha da magunguna ke nemanta. Rauninta yana fitowa ne bayan girbi. Ana tsaga ta a shanya lokacin hunturu, sau da yawa a ƙasa ko bakin titi, ta kwashi yashi, wani lokaci ta yi fumfuna, farashinta ya faɗi. Ana kuma sayar da ita busasshiya ba a sarrafa ba, ribar niƙa da tatsar mai ta tafi hannun wasu. Cutar ruɓewar da ta halaka gonaki a daminar 2023 ta tona wani raunin, wato ƙarancin iri mai lafiya.

Yin gogayya da Sin a ɗanyar citta ɓata ƙarfi ne. Kasuwar busasshiya da ta mai ce Kaduna ke iya ci, muddin aka gyara shanya, aka tsabtace iri.